Babban cocin Ƙurɗuba: ginin ya biya ni, jagoran ya cuce ni

Duk mai sana'ar hoto a Kano da Allah ya hore masa zuwa Sifaniya, ina ba shi shawara ya je Ƙurɗuba ya ga babban cocin nan da asalinsa masallaci ne, amma kada ya yarda a haɗa masa jagora tun daga gida, kamar yadda wani kamfanin tafiye-tafiye na garin nan ya yi mini.

Ginin ya wuce yadda ake kwatanta shi. Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Musulmin Sifaniya na lokacin, shi ne ya aza harsashinsa wajen shekarar 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi, sannan aka mayar da shi coci bayan Kiristoci sun karɓi garin a 1236. Da mutum ya shiga daga farfajiyar itatuwan lemo sai ya tarar da ginshiƙai fiye da 800, wasu an ɗebo su ne daga tsofaffin gine-ginen Rumawa, suna ɗauke da baka biyu biyu, ɗaya a kan ɗaya, ja da fari. Wanda ya saba ɗaukar bakan gizon Gidan Makama ba zai ji idonsa ya baƙunta ba. A tsakiyar wannan duka kuma sai ga cocin da aka fara ginawa a 1523, mai tsarin Turai da doguwar ƙubba, haske na kwararowa daga sama, har sai an sake saita kyamara gaba ɗaya, domin sashen masallacin yana da duhu. A wannan lokacin na ce a raina kuɗina bai tafi a banza ba.

Abin da ya kai ni tun farko shi ne mihrabin da Halifa Alhakam na Biyu ya gina bayan hawansa mulki a 961, wanda masu sana'a daga Ƙusɗanɗiniyya (Istanbul ta yau) suka ƙawata da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya da rubutun ayoyi. Na faɗa wa kamfanin haka kafin in biya, suka ce za a shigar da mu da safe kafin jama'a su taru. Jagoran bai zo ba sai da rana ta take, lokacin da ƙungiyoyin masu yawon buɗe ido suka cika wurin. Akwai shinge a gaban mihrabin, saboda haka dole mai hoto ya jira gurbi, ya riƙe numfashi, ya ɗauka ba tare da hannu ya motsa ba. Ina samun gurbin ke nan ya ɗaga tutarsa ya ce mota ba za ta jira kowa ba. Na roƙe shi, ya ƙi. Motar da ake ta wannan gaggawa dominta, shagon sayar da tsaraba ta kai mu, inda muka zauna har na ƙosa. Hasumiyar kiran sallah ta Halifa Abdurrahman na Uku, wadda aka lulluɓe cikin hasumiyar ƙararrawa, daga ƙasa kawai na hango ta.

Sai da na dawo Kano na buɗe hotunan a kwamfuta sannan baƙin cikin ya dawo sabo: na ginshiƙai sun fita tas, na mihrabi kuwa duk sun yi dishi-dishi, ayoyin ba sa karantuwa. Na je ofishin kamfanin na ce, “Alhaji, ba haka muka yi da ku ba.” Ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, jagoran ba ma'aikacinmu ba ne.” To, wa ya karɓi kuɗin jagoran daga hannuna? Har yau ko kwabo bai mayar mini ba, kuma na ji wasu abokan sana'a suna shirin bin wannan tsarin, shi ya sa na ga ya zama dole in rubuta.