Mai amalanken tin shauki na Hayyul Ashir, ra'ayina bayan wata biyu

'Yan uwa ɗalibai da ke Alƙahira, lokacin tin shauki, 'ya'yan itacen kaktus ɗin nan mai ƙananan ƙayoyi a ɓawonsa, ya zo, amalanke ko'ina tun watan Yuli. Ni wajen wani dattijo nake saye a bakin layinmu a unguwar Hayyul Ashir, kuma gaskiya na yaba masa. A gabanka zai yanke kai da gindi ya tsaga ɓawon da wuƙa ya miƙo maka tsokar, hannunka bai taɓa ƙayar ba, don waɗannan ƙananan ƙayoyin in suka shige yatsa wallahi sai ka kwana kana neman su. Kayansa masu sanyi ne yana yayyafa musu ruwa, ga araha, in ya ga wanda ya fara lalacewa da kansa yake jefarwa.

Abin da ya sa na dage da shi cikina ne. Burodi da makaroni kullum sun sa bayan gida ya zama aiki. Wannan 'ya'yan itacen yana da harza da yauƙi wanda ƙaramin hanji ba ya narkarwa, sai ya wuce babban hanji inda bakteriya masu amfani ke cinsa su fitar da sinadarai irin su butiret, wanda shi ne abincin bangon hanjin kansa. Asalin tsiron daga Meziko yake, har a tutarsu yana nan, can faffaɗan ganyen ma dafawa suke suna ce masa nopal, yauƙinsa kamar kuɓewa. A 2017 masu bincike a can sun ba ɓeraye masu ƙiba nopal suka ga bakteriyar hanjinsu ta canja, amma fa ɓera ne kuma ganye ne, kada wani ya ce na ce magani ne.

Ni dai da biyu ko uku da safe da ruwa kofi biyu na samu sauƙi sosai.

Matsalar ƙwayayen ne, tauri kamar tsakuwa, haɗiyewa ake. Ranar da na ci takwas a zama ɗaya cikina ya ɗaure kwana biyu, na sha wuya ba kaɗan ba, kuma baba mai amalanken ya faɗa min tun a wurin ya ce ya isa haka ɗana. Don Allah a kula da yara a kan wannan. Sannan in kun koma gida kar ku ga tinya ku ce ɗaya ne, ita farin ruwanta guba ne.