Zaman jirgin ruwan shaƙatawa a tekun Karibiyan: abin da na tarar da na sake shiga

Wanda yake son ya san Jamaika ko Bahamas ciki da bai, kada ya dogara da jirgin shaƙatawa. Da safe ake tsayawa, kafin magariba an busa ƙaho, wanda ya makara a gari kuwa barinsa ake yi. A tsibirin Giran Kayman ma jirgin ba ya kaiwa gaɓa, daga nesa yake sakin anga, ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane. Tun da muka tashi daga birnin Mayami na Amurka na ƙudurta cewa wannan karon zaman jirgin zan mora.

Ɗaki shi ne rabin tafiyar. Na zaɓi na tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa, domin nan ne tangaɗi ya fi sauƙi, kuma ban yi jiri ba. Ɗakin da ba shi da taga ya fi araha, amma mutum ba ya sanin wayewar gari sai ya duba agogo. Mai hali ya ɗauki mai baranda. Ranakun da ba a tsayawa ko'ina, daga ruwa sai sama, su suka fi kwanta mini a rai, musamman da sassafe kafin rana ta yi zafi jama'a su cika bakin tafkin wanka.

Ma'aikatan ne suka fi tsaya mini a zuciya. Da yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna yin watanni ba su ga iyalansu ba, aiki kullum babu ranar hutu, amma mai gyara ɗakina bai taɓa gaishe ni da ɗaurarriyar fuska ba. Shi ya sa tukwicin da ake ɗora wa fasinja kowace rana bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda kuɗi ke zurarewa. Kati ɗaya ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuma aljihu. Abinci yana cikin kuɗin tikiti, amma lemon kwalba da intanet ta tauraron ɗan Adam da yawon gari duk daban ake biya, sai daren ƙarshe lissafi ya fito. Kada a jira daren, a riƙa duba abin da aka kashe kullum.

Atisayen ceto wajibi ne kafin tashi ko da zarar an tashi, kada a raina shi. Haka ma wanke hannu kafin shiga ɗakin cin abinci, don ciwon amai da gudawa ba ya wuyar yaɗuwa inda dubban mutane suke cunkushe.

Zan sake shiga, amma ba tsakanin 1 ga Yuni da 30 ga Nuwamba ba. Lokacin guguwar Atilantika ke nan, tikiti kan yi sauƙi a wasu watanninsa, sai dai kyaftin na iya sauya hanya, tsibirin da ka ci buri a kansa ya wuce ka.