Kwana uku a tsoffin garuruwan Sin: abin da muka biya da abin da muka samu

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ƙasar Sin ba. Sari na je yi a Yiwu kamar yadda na saba, sai masu haɗa mana kaya suka ce sai bayan kwana takwas za a loda kwantena. Duk wanda ya taɓa zaman jiran kaya a garin nan ya san yadda yake: ka zaga kasuwar Futian har ƙafa ta gaji, ka ci shinkafa a gidan abincin Larabawa, ka kwanta, gobe ma haka. Abokin tafiyata, wani Alhaji da muke layi ɗaya a kasuwar Sabon Gari, shi ya ce, "Malam, shekara nawa muna zuwa ƙasar nan, ba mu san komai ba sai sito da sikeli?" Da haka muka biya wani kamfanin yawon buɗe ido na Hangzhou kuɗin zagayen kwana uku zuwa Wuzhen da Tongli da Hongcun. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ina da ƙorafi a kansa.

Bari in fara da haƙƙinsu. Kuɗin ya haɗa da mota, tikitin jirgin ƙasa, kuɗin shiga, masaukin dare biyu, da wata matashiya mai yi mana jagora da Turanci. A Sin komai da fasfo ake yi, daga hawa jirgin ƙasa har kama ɗaki, kuma kusan ko'ina da waya ake biya, Alipay ko WeChat. Wannan wahalar duk sun ɗauke mana. Ba mu tsaya layi ba ko sau ɗaya, mota ba ta taɓa makara ba, ɗakunan kuma tsaf.

Wuzhen muka fara zuwa, a lardin Zhejiang, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Hangzhou. Gari ne da ruwa ya zama masa titi: gidajen katako sun jeru a bakin magudana, wasu ma ƙafafunsu a cikin ruwan, ga gadojin dutse masu doro, ga kwale-kwale da mutum ɗaya ke tuƙawa daga baya da dogon filafili guda. A gefen garin ne babbar hanyar ruwan nan da aka haƙa da hannu ta ratsa, wadda ta tashi daga Beijing zuwa Hangzhou, kusan kilomita 1,800. A ɓangaren gabas, Dongzha, aka nuna mana gidan da marubuci Mao Dun ya tashi, wanda aka haifa a 1896, da wani gidan ajiye tsoffin gadajen kwana masu sassaƙa. Na duba na wuce.

Inda na tsaya har sai da aka zo aka janye ni shi ne marina. Ni da na tashi ba nisa da Ƙofar Mata, ban taɓa zaton zan shaƙi warin baba a ƙasar Sin ba, amma tun daga ƙofa hancina ya gane shi. An rataye dogayen ƙyallaye masu shuɗi da fari daga saman wasu dogayen sanduna, iska na kaɗa su. Su ba ɗauri ko ɗinki suke yi don fitar da ado kamar namu ba. Takarda mai kauri suke yankewa da siffar fure ko tsuntsu, su shimfiɗa a kan farin yadi, su shafa kwaɓaɓɓen garin waken suya da farar ƙasa ta cikin hudojin. In ya bushe sai a yi ta tsomawa a shuni ana fitarwa, daga ƙarshe a kankare kwaɓin, wurin da ya rufe ya fito fari. A manyan randuna suke rinin, ba a ramin karofi ba. Amma yadda yadin ke fitowa kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonka, wannan kam babu bambanci. Na sayi yadi biyu ban ko yi ciniki ba, abin da Alhaji bai daina yi mini tsiya a kansa ba har yau.

A ɓangaren yamma, Xizha, muka kwana. Da dare in an kunna fitilu, gadoji su haɗu da inuwarsu a ruwa su zama da'ira, wurin yana da kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sai da safe na lura da abin da ke damuna: ban ga yaro zai tafi makaranta ba, ban ga shanya ba, ban ji hayaniyar maƙwabta ba. An tashi mazauna unguwar kafin a gyara ta a buɗe wa baƙi. Kamar gidan da aka share aka yi wa shafe don zuwan surukai, amma masu gidan sun ƙaura. Tun 2014 a garin ake yin babban taron intanet na duniya kowace shekara, ka ga kuwa dole a yi masa kwalliya.

Rana ta biyu ita ce ta ɓata mini rai. A takarda an rubuta Tongli, kusa da Suzhou. A zahiri, sai da aka fara sauke mu a wani katafaren kantin siliki, aka zaunar da mu ana nuna mana barguna kusan awa biyu, ƙofar fita kuma sai ka bi ta gaban kowane teburi. A sayar wa ɗan kasuwar da ya san farashin sari kaya a farashin 'yan yawo! Alhaji ya shafa bargon, ya tambayi kuɗin, ya yi murmushi kawai. Lokacin da muka isa Tongli rana ta yi nisa. Da gudu-gudu muka ga lambun Tuisi, wanda wani jami'in gwamnati mai suna Ren Lansheng ya gina tsakanin 1885 da 1887 bayan an tuɓe shi daga muƙami. Sunan lambun yana nufin ja da baya a yi tunani. Ƙarami ne, gine-ginensa sun kwanta dab da ruwan tafki kamar suna iyo, kuma UNESCO ta saka shi cikin lambunan Suzhou na tarihi a 2000. Muka tsallaka gadoji ukun nan da amare da angwaye ke bi don neman sa'a, sai ga jagora tana ɗaga tuta.

Sai maganar abinci, wadda duk Musulmi ya kamata ya shirya mata. Mun gaya musu tun farko ba ma cin naman alade, sun ce ba matsala. Ashe abin da suka fahimta shi ne a tsame naman daga kwano. A yankin nan ana girki da kitsen alade da giyar shinkafa, har a ganye. Muka koma dafaffen ƙwai, gasasshen dankali da ake sayarwa a bakin hanya, da dabinon da Alhaji bai taɓa rabuwa da shi ba, sai in mun ci karo da shagon taliyar Lanzhou mai koren allo, irin na Musulmin Sin. Salla ma babu ita a jadawalinsu, ƙasaru da jam'i muka riƙa yi. Wani abin da sai da na saba: a can alƙibla yamma take, mutumin da duk rayuwarsa yake cewa zai kalli gabas.

Hongcun ce ta biya ni. Daga Hangzhou jirgin ƙasa mai gudu ya kai mu Huangshan a lardin Anhui cikin awa ɗaya da rabi ko biyu, sai mota zuwa ƙauyen. Awa biyu kamfanin ya ware masa. Muka dubi juna da Alhaji, muka sallami ayarin, muka kama ɗaki da kuɗinmu. A nan jagorar ta kyauta, ita ta samo mana gidan da ke karɓar baƙin waje, ta rubuta mana lokutan jirgin komawa.

Zuriyar Wang ce ta kafa ƙauyen a 1131, kuma har yau akwai mutane zaune a cikinsa. Sun tsara shi da siffar bijimin sa: tudun da ke bayansa shi ne kai, tsoffin itatuwa biyu ƙahoni, tafkin tsakiya mai siffar rabin wata shi ne tumbi. Hanjin kuwa wata siririyar magudana ce da aka janyo daga rafi, tana bin lungu-lungu ta ƙofar gidaje. Bayan asuba na fita, hazo bai tashi ba, na tarar da tsofaffin mata durƙushe a bakinta suna wanke ganye, an baza barkono da masara a faifan gora, ɗaliban zane sun fara kafa kujerunsu a bakin tafki. Masu zuwa da rana ba sa ganin wannan, su kan juna kawai suke gani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gano cewa fatake ne suka gina wurin. Yankin duwatsu ne, gona ba ta ciyar da kowa, don haka yaro na kai shekara 13 ko 14 sai a tura shi koyon kasuwanci a birane masu nisa, gishiri, ganyen shayi, katako. Wanda ya samu ya dawo gida ya yi gini. Mafi girma shi ne gidan Chengzhi, na wani attajirin gishiri, Wang Dinggui, da aka gina wajen 1855, ginshiƙansa cike da sassaƙa mai ruwan zinariya. Daga waje kuwa doguwar farar katanga ce kawai da 'yan ƙananan tagogi, ba za ka ce akwai dukiya a ciki ba. Saman katangun na hawa-hawa, ya tuna mini da zankwayen gidajen cikin birni, ko da yake su don tare gobara daga maƙwabta suka yi su. Rufin kowane gida ya karkato ciki, ruwan sama ya zuba a tsakar gida, wai kada arziki ya kwarara waje. Alhaji, wanda kakansa ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya daɗe tsaye a wurin, sannan ya ce, "Malam, waɗannan mutanenmu ne."

In ka tambaye ni ko zan sake biyan kamfanin, a'a. Wanda bai taɓa fita daga Yiwu ko Guangzhou ba zai amfana da su a karon farko, da sharaɗin ya sa a rubuta masa cewa babu tsayawa a kanti, ya kuma riƙe guzurinsa. Ya guji makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, don ko wurin sa ƙafa ba zai samu ba. Ni dai in na koma, jirgin ƙasa zan hau da kaina in kwana biyu a Hongcun, in ba Tongli yini guda cur da aka cuce ta.

Yadin nan na Wuzhen na kai wa wani dattijo marini da na sani tun ina yaro. Ya murza shi, ya shinshina, ya ɗaga shi a rana. Ya ce shunin ya kama da kyau, amma a gaya musu su riƙa kai wa mabuga.