Zanen Tweed na bango: shafin asali, na Puck, ko sabon bugu?

Mai son rataya zanen barkwanci kan iyayen gidan siyasa a ofis ko falo, da wuya ya tsallake na Thomas Nast. Shi ne ya sa William Tweed, ubangidan ƙungiyar siyasa ta Tammany Hall, a gaba a mujallar Harper's Weekly a 1871, lokacin da ƙungiyar ke juya zaɓen birnin New York yadda ta ga dama. Saura sanin wane iri za ka saya.

Akwai shafin asali, wanda aka ciro daga mujallar kanta. Baƙi da fari ne, don a katako aka sassaƙa zanen kafin a buga. In ka ga launi, wani ne ya shafa daga baya. Kada ka biya sai dillali ya turo maka hoton bayan takardar: ta gaske galibi tana da rubutu ko wani zanen a baya, in kuwa fari fat ne, ka yi shakka. Zanen Nast na damisa, alamar Tammany, da ta danne wata mace a fili, na 11 ga Nuwamba 1871, shafi biyu ya ci, saboda haka alamar ninki a tsakiya ba aibi ba ce. Yagewa da tabon laima su ne aibi. Kuma takardar da ta haura shekara 150 ba ta jure rana, balle gara.

Mai son launi sai ya nemi na mujallar Puck ta Joseph Keppler, wadda bugunta na Turanci ya fara a 1877. Sai dai Tweed ya mutu a kurkuku a 1878, don haka magadansa za ka fi gani, John Kelly da Richard Croker. Zane-zanen Puck sun fi ɗaukar ido, amma fuskoki sun yi yawa, baƙonka zai yi ta tambayar wane ne wane.

Ni dai na uku, wato sabon bugu, nake ba mutane shawara. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa da yawa daga zanen nan a intanet kyauta, haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Ka sauke mafi girman fayil, ka kai wa mai buga hoto, ka sa a firam. In ɗaya za ka zaɓa, ɗauki na Oktoba 1871, inda Tweed ke tsaye da ƙaton tumbi, buhun kuɗi a madadin kai. Ko wanda bai iya Turanci ba zai gane.

Amma ka duba kowane lungu na zanen kafin ka rataya. Nast yakan zana 'yan Ailan mabiya ɗarikar Katolika da kamannin birai, kuma wannan cin fuskar tana cikin wasu daga fitattun ayyukansa.