Gargaɗi ga 'yan uwa a Legas: a kula da masu yi wa tsohuwar mota kwalliya su ce tokumbo ce, wato sabuwar shigowa daga ƙasar waje

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne saboda abin da ya samu ƙanena a watan jiya, ina tsaye kusa da shi aka yi, kuma ba na son ya sake samun wani daga cikinmu, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Mile 12.

Yaron nan shekara huɗu yana tara kuɗi domin ya sayi mota ya riƙa haya da ita. Sai ya ga talla a Facebook: Toyota Camry ta 2010, wadda 'yan Legas ke kira Muscle, wai ba ta yi sati biyu da fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can ba. Wanda ya ɗaga waya Bahaushe ne, kuma a nan muka saki jiki. Ya gaishe mu da mutunci, ya tambayi garinmu, ya ce mini: "Haba Alhaji, ɗan uwa zai cuci ɗan uwa a ƙasar mutane? Wallahi ko ni ne zan saya, ita zan ɗauka." Ya kai mu wani fili a gefen titin Apapa zuwa Oshodi. Mota na ta ƙyalli, babu lamba a jikinta, ciki sai ƙamshin turaren mota mai hawa kai. Injin da ɗuminsa muka same shi, wai sun tayar da ita ne don batir. Ya miƙo mana takarda shafi uku da Turanci, ya ce rahoton tarihin motar ne na kamfanin Carfax daga Amurka: mutum ɗaya ya hau ta, ba ta taɓa haɗari ba, mil 84,000 kacal ta yi.

Da na ce mu dawo gobe da bakanikenmu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗan matsa gefe, ya dawo yana girgiza kai, wai wani mutum na tafe daga Ikorodu da kuɗi a hannu, in ba mu ajiye kafin alƙalami yanzu ba shi ke nan. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, kada ta wuce mu." Muka tura. Washegari muka cika, ya karɓi la'adarsa, har da addu'ar Allah ya sa alheri.

Kwana tara ta yi lafiya. A na goma ta mutu a cikin cunkoson Ikeja Along, gilasan ƙofa suka ƙi sauka, giya ta maƙale. Muka jawo ta zuwa garejin wani dattijon bakanike a Agege. Bai ko buɗe bonet ba tukuna. Bel ɗin kujerar baya ya kama, ya yi ta ja har ya ƙure, sai ga wani layi ruwan ƙasa a jikinsa, shatar inda ruwa ya tsaya. Ya durƙusa ya haska ƙarƙashin kujerar direba, notocin da suka riƙe ta duk sun yi tsatsa. Ya ɗaga kafet ya zaro wani soket na wayoyi, bakinsa ya yi kore shar kamar tsohon kwabo. A ramin safaya taya akwai busasshen laka a lungun da hannun mai wanki bai kai ba. Ya ce, "Alhaji, wannan motar ta kwana a cikin ruwa." Turaren nan ashe warin danshi aka rufe da shi.

Daga nan ya karanto lambar shasi, wadda ake cewa VIN. Wannan lamba harafi da alƙaluma 17 ce, haka tsarin yake tun 1981, kuma babu I, O ko Q a cikinta. Tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma kan sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, tare da wata da shekarar da aka ƙera motar. Na goma a jerin shi ke faɗin shekarar mota: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011. Tamu 8 ce. An canza mata bamba da fitilu ne kawai, kayan da ake samu a kasuwar Ladipo, aka ba ta fuskar 2010. Canza fuska ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye, amma su sun ɓoye, suka karɓi kuɗin 2010. Kuma bambancin ba a fuska ya tsaya ba. Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 injinta 2.4 ne, wanda aka san da yawansu da shan baƙin mai, ta 2010 kuwa 2.5 take ɗauke da shi da giya shida.

Takardar nan shafi uku fa? Da muka jera lambar da ke kanta da ta jikin motar, alƙaluma shida na ƙarshe ba ɗaya ba ne. Rahoton wata motar ce daban. Minti ɗaya ya isa mu gane haka a filin, amma an manna wata takarda daidai kan lambar gilashin, mu kuma ba mu ce a ɓare ba.

Ɗan bakaniken ya rubuta ainihin lambar a Google, sai ga hotunan motar a filin gwanjo a jihar Texas, ƙarshen 2017, an rubuta cewa ruwa ne ya lalata ta, awon tafiyarta kuma ya haura mil 150,000 tun a lokacin. A shekarar ne guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Kamfanonin inshora kan sayar da irin waɗannan ta gwanjon Copart da IAA, kuma can a fili suke rubuta abin da ya samu mota. Ɓoyon a nan Najeriya yake farawa. Kun ga ke nan ba ma sabuwar shigowa ba ce, ta daɗe tana yawo a Najeriya. Da muka duba madubin gefe da kyau, akwai wurin da aka goge lambar rajistar da tsohon mai ita ya sa aka zana. Shi kuwa awon tafiya, na'ura ce ake jonawa a mayar da shi baya.

Rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya buɗe bayan dashbod, ya tarar an toshe fitilar gargaɗin inji da ta balan-balan ɗin kariya da baƙin tef. Wannan kowa zai iya gwadawa ba tare da ya san kanikanci ba: a murɗa makulli ba a tayar ba, dole fitilar inji da ta birkin ABS da ta balan-balan su kama, in an tayar su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an taɓa ta. A cikin salansa ma an kwashe abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi.

Don Allah duk wanda zai sayi mota ya je da sassafe, ya ce kada a tayar kafin ya iso, domin injin da ya kwana shi ke tona hayaƙi da ƙara. Ya tafi da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba, da na'urar sikanin. Motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari, kuma tana nuna in an goge laifuffuka kwanan nan. Rahoton tarihi kuwa ya biya da kuɗinsa a ciro masa da lambar da ya kwafa da hannunsa. Takardar duti a kai ta ofishin kwastam a tantance kafin a biya, musamman ga mai niyyar hawa da motar zuwa Arewa, inda za a yi ta tsayar da shi a hanya. Tamu har yanzu ba mu kai ba, gabanmu na faɗuwa.

In kuma motar mai lamba ce aka nuna maka takardar lafiyar mota ta jihar Legas, ka sani cibiyoyin gwajin nan na kwamfuta birki da fitilu da hayaƙi da ƙafafu suke dubawa a ranar. Ba aikinsu ba ne su faɗa maka ko ta taɓa nutsewa, ko shekarunta nawa na gaskiya.

Mun koma filin, masu wurin suka ce ba su san dillalin ba, kuɗin ajiye mota kawai yake biya. Asusun da muka tura kuɗi sunan wani ne daban, takardar cinikin ma ba adireshi. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun kuma sanar da shugabannin al'ummarmu na Agege. Layinsa a kashe yake tun ranar da muka kira shi daga gareji.

Motar na nan a ajiye, ana neman kwamfutar inji da ta giya, ƙanena ya koma ɗaukar kaya a kasuwa. Shekaranjiya wani maƙwabcinmu ya nuna mini sabuwar talla a wayarsa da wani suna da wata lamba, Corolla ce wannan karon, a filin da ya yi kama da wancan, an rubuta wai ba ta yi sati biyu da fitowa daga Tin Can ba. Na hana shi tura ko sisi, gobe da sassafe za mu je da dattijon bakaniken nan.