Kafin bayanan kwastomominka su fita: mai lasisi, lauya ko inshora, wa za ka fara biya?

A ce kana da kamfanin jirgin yawo a kan titin Ahmadu Bello a nan Sakkwato. Ranar Alhamis bayan la'asar yaron ofis ya shigo jiki na ɓari, ya manta laftof a cikin Keke Napep, kuma a cikinta akwai hotunan fasfo, lambobin NIN da na wayar maniyyata ɗari uku. Daga sa'ad da maganar ta shiga kunnenka agogo ya fara tafiya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ce a sashe na 40 ka sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, cikin sa'a 72, matuƙar abin zai iya cutar da masu bayanan. Juma'a da Asabar duk suna cikin lissafi. Lahadi bayan la'asar wa'adi ya cika.

Da wannan wa'adin nake auna duk abin da ake tallata wa masu kamfani da sunan kariya. Wanda ba zai amfane ka a kwana ukun nan ba, to ya bi layi.

Kada ka ɗauka maganar ta bankuna ce kawai. A ƙa'idar hukumar, wanda ke sarrafa bayanan mutum sama da 200 cikin wata shida na iya shiga sahun waɗanda dole su yi rajista, ka ga ke nan makarantar kuɗi a Arkilla da asibiti mai zaman kansa a Mabera ba su tsira ba. Tarar masu wannan matsayi tana kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar bara, duk wanda ya fi yawa; sauran kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. A Agusta 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8 kan sarrafa bayanai ba da izinin masu su ba, ko da yake bankin ya musanta laifin. Bayan tara kuma, wanda aka cuta yana da damar zuwa kotu neman diyya.

Waɗanda suka fi ƙwanƙwasa ƙofa su ne kamfanonin da NDPC ta ba lasisin taya mutane bin doka, ana ce musu DPCO. Su ke yi maka rajista, su horar da ma'aikata, su binciki yadda kake ajiye bayanai, su miƙa rahoton shekara kafin ƙarshen Maris. Aikinsu na da amfani, amma ka san abin da ka saya. Takardar shaidar da za ka rataya a bango ba ta ɗaga waya ranar Asabar da dare. Yawancinsu a Legas da Abuja suke zaune, saboda haka kafin ka sa hannu ka duba sunansu a jerin masu lasisi na hukumar, sannan ka buɗe yarjejeniyar ka nemi inda aka rubuta abin da za su yi ranar da ɓarna ta auku: wa za a kira, cikin sa'a nawa zai amsa, kuɗin yana cikin na shekara ko sabon ciniki ne. In babu wannan sakin layi, su ƙara shi ko su rage farashi.

Sai jami'in kare bayanai. Doka ta yarda ya zama ma'aikacinka ko na haya da kwangila. Ga ƙaramin kamfani na fi son na gida, mutum mai amana da aka tura horo, don shi ya san wa ke tura sakamakon gwajin majinyata ta WhatsApp, wa kuma ya bar aiki bara har yau da lambar sirrin ofis a kansa. Sai dai kada a ɗora wa yaron kwamfuta kai tsaye. Aikinsa ne za a bincika, kura kuma ba ta ajiyar nama.

Inda na fi so ka zauna ka yi ciniki da kyau shi ne wajen lauya. Lauyan da ya ci maka shari'ar fili ba lallai ya taɓa buɗe wannan doka ba, kuma ba abin kunya ba ne ka gwada shi. Tambaye shi me ke shiga cikin takardar sanarwa. Ya kamata ya lissafa maka irin bayanan da suka fita da kimanin yawan mutanen, illar da ake tsoro, matakin da ka ɗauka, da wanda za a tuntuɓa a kamfaninka. Ya kamata ya san cewa doka ta yarda ka aika abin da ka sani yanzu, ka ciko sauran daga baya, ba sai ka zauna jiran bincike ya ƙare ba. In kutse ne ta intanet, akwai ƙofa ta biyu: Dokar Laifukan Intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ta rage wa'adin kai rahoto ga ngCERT, cibiyar ɗaukin gaggawa kan kutsen kwamfuta da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga kwana 7 zuwa sa'a 72. Lauyan da ya yi shiru a nan, nemi wani ya dafa masa.

Tsakanin biyan lauya kuɗin shekara da kiran sa ran da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, akwai hanyar tsakiya da ta fi sauƙin kuɗi: ka biya shi sau ɗaya ya rubuta maka samfurin takardu tun yanzu, ya kuma duba kwangilarka da mai manhajar da ke riƙe maka bayanai, don doka ta wajabta wa shi ma ya sanar da kai idan ɓarnar daga wajensa ta faru. Takardar kwastomomi a yi ta da Hausa. Idan haɗarin babba ne dole a gaya wa masu bayanan nan take da harshe mai sauƙi, kuma Alhajin da ya zo daga Wurno ko Illela ba zai amfana da wasiƙar Turanci ba. Abin da yake buƙata shi ne a ce masa, "Baba, duk wanda ya kira ka ya karanto maka lambar fasfonka ya nemi cikon kuɗin kujera, ba mu ba ne."

Masanin binciken kwamfuta ba sai ka ɗauke shi aiki ba, lambarsa da farashinsa na kwana guda sun isa. Abin gudu shi ne a kwashi na'urar a kai wa mai gyara ya goge ta. Ya share cutar, ya share hujja. Mafi arha a duk kasuwar nan kuwa kusan kyauta ne: kulle faifan laftof da BitLocker, manhajar da ke hana karanta bayanai sai da mabuɗi, a Windows ɗin da ke da shi, tabbacin mataki biyu a Gmail da WhatsApp, da kwafin ajiya guda biyu, ɗaya ba a cikin ofis ba. Da laftof ɗin can a kulle take, da sauƙin maganar ya fi haka nesa ba kusa ba.

Inshorar kutse na bar ta ƙarshe da gangan. Tana biyan kuɗi ne bayan an gama, kuma fom ɗinta zai tambaye ka duk abubuwan da na ambata a sama. Ka amsa ba daidai ba, su ƙi biya. Tabbatar kamfanin na da lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, a nuna maka a rubuce ko tana ɗaukar kuɗin lauya, kuɗin fansar da masu kutse ke nema da sakacin ma'aikaci. Mai ƙyamar inshorar da aka saba ya tuntuɓi kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da waɗannan tambayoyin.

Akwai kuma littafi. Sashe na 40 ya ce ka ajiye tarihin kowace ɓarna, abin da ya faru, illarsa da gyaran da aka yi, har wadda ba ta kai a sanar da hukuma ba. Littafin rajista mai bango mai ƙarfi daga Sabuwar Kasuwa ya wadatar, a rubuta kwanan wata da sa'ar da aka gano abin a layin farko.