Sharhi: maganaɗisun "rage shan mai" a kan babur, da inda fetur yake zurarewa a gaskiya

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa, kasuwar kayan "rage shan mai" ta buɗe. Wanda ya fi yawo a wajen masu kayan babur shi ne wani ɗan maganaɗisu mai ɓari biyu a cikin kwanson roba, ana maƙala shi a jikin tiyon da ya taso daga tanki zuwa kafireta. Ɗaura shi bai kai minti biyu ba, ba a kwance komai, ba a yanka tiyo, kuma ba ya lalata komai. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Na gwada shi a kan babur mai injin 100cc, irin na 'yan acaɓa, kuma bambancin da na gani bai wuce wanda ake samu tsakanin cikon tanki ɗaya da na gaba ba, ko da maganaɗisun ko babu. Ba abin mamaki ba ne. Masu sayarwa suna cewa yana "jera ƙwayoyin mai" don su ƙone tas, alhali fetur ba ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba ya jan sa. Sannan lafiyayyen inji dama yana ƙone kusan duk man da ya shiga masa. Yawancin ƙarfin yana tafiya ne a zafi, ta salansa da jikin injin, kuma abin da aka maƙala a tiyo ba shi da hanyar dawo da wannan. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta shafe shekaru tana gwada ire-iren waɗannan na'urori, har da masu maganaɗisu, ba ta samu wani ragin a zo a gani ba.

To me ya sa wasu ke rantsuwa yana aiki? Wanda ya kashe kuɗinsa don tsimin mai yakan sassauta hannu a totur ba tare da ya sani ba. Wani lokacin kuma makaniken da ya ɗaura shi ne ya ɗan taɓa sukurun kafireta. Sai yabo ya tafi ga maganaɗisu.

Kafin a yanke wa kowane kaya hukunci sai an auna, kuma "ina jin ya rage sha" ba awo ba ne. A cika tanki har wuya, babur yana miƙe a kan ƙafarsa ta tsakiya, a rubuta lambar mita. A yi zirga-zirgar da aka saba, a koma gidan man nan, famfon nan, a sake cikawa zuwa daidai wurin. Sai a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga: misali kilomita 180 da lita 3.6 ya ba da kilomita 50 a lita. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici, domin ciko ɗaya yana yaudara. Idan mitar ta mutu, kamar yadda take a babura da yawa, taswirar waya tana ƙirga nisa. Man kwalba na 'yan bumburutu ba ya shiga wannan lissafi, don ba a da tabbacin yawansa, balle abin da aka surka masa.

Kuɗin maganaɗisun da an kai su wajen matatar iska, wato iyakilina, da sun fi amfani. Injin fetur yana son iska wajen kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, a nauyi. Matata ta toshe, iska ta ragu, kafireta sai ta riƙa zuƙo mai fiye da kima. Babur ya yi nauyi, salansa ta riƙa baƙin hayaki, mai shi ya ƙara murza totur. A lokacin hunturu, da ƙura ke tashi ba dare ba rana, mai aikin haya ya kamata ya buɗe ta duk mako. Idan ta soso ce, a wanke da kananzir, a matse ta a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kada ta yage, a bari ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a mutsuttsuke har ya game, a matse rarar. Idan ta takarda ce, ruwa da mai duk ba sa taɓa ta. A kakkaɓe, in ta yi baƙi a sauya. Masu cire matatar gaba ɗaya wai babur ya samu numfashi, yashi suke ɗura wa fistin da ringi, kuma kuɗin buɗe inji ya ninka na matata sau da yawa.

Filogi shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. A kwance shi bayan tafiya mai ɗan nisa a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, kamar shayi da madara, alama ce komai daidai. Baƙi mai busasshen toka yana nufin mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke haurowa, wannan matsalar ringi ce ko robar bawul. Fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan, kuma shi ne mafi haɗari. Tazarar bakin filogi a yawancin ƙananan injina tana tsakanin milimita 0.6 da 0.8, da geji ake aunawa, ba da farce ba.

Nan ne ake yawan yin ɓarna da sunan tsimi. Mutum ya ce wa makanike "matse min mai", shi kuma ya sauke allurar kafireta har ƙasa ko ya sa ƙaramin jet, wato ɗan bututun da mai ke bi a cikin kafireta. Kwana biyun farko mai zai ragu, amma inji zai riƙa zafi, ya riƙa shaƙewa in an ja totur, yana harbi a salansa in an saki, daga baya bawul ya ƙone, wani lokacin ma kan fistin ya huje. Gyaran da ya dace shi ne a wanke kafireta, a hura jet-jet da iska (kada a zura musu waya, ramin yana faɗaɗa, shan mai ya ƙaru har abada), a mayar da 'yar maƙalar allura gurbin da kamfani ya sa ta. Sai a ɗumama inji, a murɗa sukurun silo, wato mai daidaita haɗin iska da mai, ciki a hankali har ya zauna ba tare da an danne ba, a warware shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan har a kai inda ƙarar injin ta fi tashi kuma ta daidaita, sannan a sauke silo da ɗaya sukurun, mai ɗaga silo da sauke shi, zuwa wajen juyi 1,400 a minti. A lura: in sukurun farkon yana ɓangaren matatar iska, iska yake sarrafawa, warware shi rage mai ne, in yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, warware shi ƙara mai ne. Makanikai da dama suna juya su duka iri ɗaya.

Akwai kuma man da ko inji bai gani ba. Allurar fulot, mai tsayar da mai in kafireta ta cika, in ta cinye, fetur yana ɗiga ta siririn tiyon da ke ƙasan kafireta. A duba ƙasa inda babur ya kwana, in akwai tabo ko wari, ga ɓarawon nan. Rufe makunnin mai da dare yana tare asarar kafin a sauya allurar. Cok da aka ja aka manta ba a mayar ba, ko wayarsa ta maƙale, shi ma yana shanye tanki shiru.

Sauran kuwa abubuwan da ke riƙe babur ne. Taya mai ƙarancin iska tana jan ƙasa. Ga irin waɗannan babura yawanci gaba 25 ne a geji, baya 28, in da goyo ko kaya 32, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Mai faci da ke gwada iska da bugun sifana ba awo yake ba. A ɗaga babur a juya kowace ƙafa da hannu: in ta tsaya nan take ko ana jin gurza, birki yana kamawa. Sarƙa ta samu wasan milimita 20 zuwa 30 a tsakiyarta, a wanke da kananzir a sa mata mai wajen duk kilomita 500. Wajen juye a nemi baƙin mai na babur, mai alamar JASO MA a jikin galan, domin wasu na mota suna sa kuloci sulɓi, inji yana ihu babur ba ya gaba. Kada kuma a zuba ya wuce layin sama na sanda. Masu sikuta mai bel, tasu matsalar bel ɗin da ya siraita ce da 'yan rololin da suka yi gefe-gefe. Alamar ita ce inji ya tashi sama sosai kafin babur ya motsa.

Bayan duk wannan, hannun dama ya fi kowane sukuru tasiri. Turjiyar iska tana ninka huɗu idan gudu ya ninka biyu, shi ya sa ƙaramin inji ya fi tsimi tsakanin kilomita 40 da 55 a awa a giyar ƙarshe. Fizgar tashi daga danja, da murza totur a tsaye don kiran fasinja, da barin inji yana aiki ana hira, duk mai ne. Ɗumama inji da safe bai wuce minti ɗaya ba. Kashe inji a gangara kuwa ban yarda da shi ba: abin da za a tsira da shi bai kai cokali ba, ga shi an rasa riƙon inji, an bar wa birki aikin shi kaɗai.

In an yi duk waɗannan awo bai motsa ba, kuma salansa tana fitar da shuɗin hayaki, ko kik ya yi laushi a ƙafa, to matsin inji ne ya tafi. A fara da saita bawul da inji a sanyaye, in bai dawo ba sai ringi. Maganaɗisun nan dai na samo masa aiki: a gindin tiren makanike yana riƙe ƙananan sukurori da washa, kada su faɗa yashi yayin da ake wanke kafireta.